Ƙusa ta Shida

Wata ranar Laraba, la'asar ta yi sanyi, na rataya kyamarata a wuya na gangara rumfar Kawu Bao maƙeri. Ina tafe ina zaginsa a zuci. A fili ma na ɗan taɓa.

Ba da son raina na je ba. Ofishin al'adu na gunduma ne suka ba ni takarda, wai tunda hanyar mota ta iso garinmu Longjie, ayarin alfadarai ya kusa zama labari, don haka a ɗauki hoton sana'o'in da ke shirin mutuwa. Mai shiɓar auduga, mai ɗinkin sirdi, mai sa wa dawaki takalmi. Na gama da biyun farko tun da hantsi. Na ukun ne na zauna a shagon taliya ina jan ƙafa har rana ta karkata, domin mutum ɗaya ya rage mai wannan aiki a garin, kuma shekara bakwai ke nan ban amsa sallamarsa ba.

Shi ya kashe mini yaya. Haka nake faɗa a kasuwa, haka nake faɗa a ƙofar masallaci, kuma wanda ya ce in yi haƙuri da shi ma sai mu ɓata.

Yaya Ersa madugu ne. Alfadarai talatin yake kaiwa kudu da gishiri, ya dawo da ganyen shayi. A gaban ayarinsa wata farar goɗiya ce ke tafiya, sunanta Gishiri, da ƙararrawa a wuya da ɗan madubi a goshi, kamar yadda ake ɗaura wa kowace dabbar gaba. Tsofaffi sun ce madubi ba ya rufa wa aljani asiri. Abin da ido bai gani ba a hanya, shi yana nunawa.

Duk wanda ya tashi a garin ayari ya san yadda ake sa takalmi. Ƙusa shida ake bugawa, bakin kowacce ya ɓullo ta gefen kofato. Sai a datse shi, a lanƙwasa, a danne da guduma. Wannan lanƙwasar ita ke riƙe ƙarfen. In babu ita, takalmi ado ne kawai.

A tafiyarsa ta ƙarshe, kwana biyu da tashin ayarin, a Kwazazzabon Biri, inda hanya ba ta fi faɗin tabarma ba, ƙafar Gishiri ta baya ta hagu ta zame. Ragamarta na naɗe a hannun yayana. Kogi bai dawo mana da ko hularsa ba. Abin da aka tsinta a bakin hanya takalmin ne, da ƙusoshinsa shida a miƙe sar kamar tsinken cin abinci. Ko ɗaya ba a lanƙwasa ba.

Ni na ɗauki ƙarfen nan na wurga wa Kawu Bao a ƙirji ranar da labari ya iso. Ya ɗauka ya rataye a bangon rumfarsa.

To yanzu ga dama ta zo har gida. Za a kafa hotunan a babban zaure na gunduma, manya su zo kallo. Na ƙudura sai na ɗauki fuskar tsohon nan tar, in rubuta a ƙasa da hannuna: ga wanda ya kashe Ersa. In sun so su kore ni. Ba su suka koya mini aikin ba balle su ƙwace. Kyamarar nan da rigar fatar tunkiya na musanya ta wurin wani mai auna hanya, na zauna na kwance ta da bakin wuƙa har na gane kanta. Irin wadda ake riƙewa a ciki ce, a sunkuya a duba gilashi ta sama. A cikinta akwai madubi. Ku riƙe wannan.

Na tarar da shi a tsugune gaban wuta, yana gasa ganyen shayi a ɗan tulu. Bai ɗago ba.

"Ashe Mai Ido Uku ne. Ɓatan hanya ka yi?"

"An ce in ɗauki hoton abubuwan da suka kusa mutuwa. Na duba takarda na ga sunanka."

"To ka sha tafiyar banza. Kwana tara ban taɓa kofato ba. Kowa ya koma mota."

"Kamo akuya mana. Ita ma ai ba tsira za ta yi a hannunka ba."

Ya zuba ruwan zafi a tulun, ya yi cuuu. Ya tsiyaya kofi biyu, ya turo mini ɗaya da bayan hannu.

"Sha, Ruliang. Bakinka ya bushe da zagi."

Na sa ƙafa na kifar da kofin.

Rana ta rage kamar tsawon gora a kan dutsen yamma. Na buɗe murfin kyamara, na ce ko da guduma ce ya riƙe mini ya daki iska. A daidai nan karnukan unguwa suka yi tsit. Gaba ɗaya, kamar an rufe su da kwando.

Sai ƙararrawa.

Daga wajen gada take zuwa, a hankali. Ƙararrawa ce mai tsaga, tana da ɗan kaushi a ƙarshen amo. Tun ina wasan ƙasa na san wannan amon. Shi ke gaya wa gidanmu a ɗora tukunya, Yaya ya dawo.

Tulun shayi ya suɓuce daga hannun Kawu Bao.

Bayan ƙararrawa, sawu a kan duwatsun titi. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Tim. Uku da ƙarfe, ɗaya babu.

Wari ya riga ta isowa. Warin laka ta ƙasan kogi, da ruɓaɓɓiyar fata, da wani abu mai zaƙi-zaƙi da ba na so in tuna. Ya danne ƙaurin gawayi, ya danne ƙamshin shayi.

Ta shigo ita kaɗai. Fara ce, amma farin ya koma ruwan toka. Ruwa na ɗiga daga gezarta, alhali wata guda ba a yi ko yayyafi ba. Gansakuka ta rufe rabin madubin goshinta. Ta wuce ni, ta shiga tsakanin turaku biyun da ake ɗaure dabba, ta tsaya.

Ta ɗaga ƙafar baya ta hagu.

Babu wanda ya taɓa bango. Tsohon takalmin nan ya faɗo da kansa, ya gangaro, ya kwanta a gaban Kawu Bao.

"Ruliang," ya ce da raɗa, "kar ka kalli madubin."

Ban kalli nata ba. Nawa na kalla. Na sunkuya a kan gilashin kyamara.

Akwai mutum riƙe da ragama.

Na ɗago kai. Babu kowa, igiya ce kawai a miƙe cikin iska. Na sake sunkuyawa. Yana nan. Farar hula, rigar fata, ragama naɗe sau uku a hannu. Fuskar ta kumbura, ta yi fari kamar dafaffiyar shinkafa, amma ga tabon nan a gira, wanda ni na yi masa da dutse muna yara.

Ba zan yi muku ƙarya ba. Tsoro bai fara zuwa ba. Daɗi ne ya fara zuwa, wani irin daɗi mai zafi da ya taso mini daga ciki har wuya.

"Kawu," na ce, "ka ce babu doki. Ga doki. Ga mai shi ma ya zo. Tashi ka yi aiki."

"Kana ganinsa?"

"Tar nake ganinsa. Tashi!"

Ya tashi. Ya ɗaura walkinsa, ya cika baki da sababbin ƙusoshi, ya ɗauki ƙafar ya ɗora a cinya, ya daidaita mata tsohon takalmin. Na ga ya runtse ido da ya taɓa ta.

Ya kafa ƙusa ta farko. Na danna kyamara. Ƙyas.

"Ɗago fuskar mana, a san ka."

Ta biyu. Ƙyas. Hawaye na bin gemunsa, ni kuwa ina murɗa fim ina dariya. A cikin gilashi Yaya ya saki ragama. Ya fara takowa.

Ta uku. Ta huɗu.

"Ga shi nan zuwa gare ka," na ce. "Taku biyu ya rage. Me za ka gaya masa?"

Kawu Bao ya buga ta biyar, ya buga ta shida. Ya juyo da kai a hankali, ya dubi ƙasa. Ba kusa da shi ya duba ba. Kusa da ni ya duba.

Na bi idonsa.

Sawun ƙafa jiƙaƙƙu a kan ƙasar rumfa. Ɗaya bayan ɗaya. Sun baro goɗiya, sun zagayo ta damana.

A gilashin irin wannan kyamara, dama hagu ce, hagu dama ce. Na fi kowa sani a gundumar nan. Amma ranar ƙiyayya ta rufe mini ido, na manta.

Ba wurin maƙeri ya nufa ba.

"Ruliang," muryar tsohon ta zama siririya. "Ran nan da safe. Wa ya fizge guduma daga hannuna?"

"Rufe mini baki."

"Wa ya ce rana za ta wuce masa?"

Sai abin ya dawo mini, duka, kamar an watsa mini ruwan sanyi. Kwanana uku da samun kyamara. Ayari ya jeru, hasken safiya ya sauka a kan farar goɗiya, kyau kamar me. Tsohon nan yana sunkuye a kan ƙafar ƙarshe yana ta nawa. Na yi masa tsawa. Na ce sauke ƙafar nan, mai warin kofato, zo ka tsaya a ɗauke ka, wannan ne kaɗai abin kirkin da zai same ka a duniya. Mutane suka kwashe da dariya. Na fizge gudumar na jefar. Ana gama hoto Yaya ya buga kuge, ayari ya tashi.

"To kai fa?" na ce. "Kai ne maƙeri! Ba ka tuna ba?"

"Na tuna. Suna haye gada na tuna. Da na ruga da na cim musu. Na ce bari su dawo da gurguwar dabba su roƙe ni. Su san amfanin mai warin kofato."

Ɗigon ruwa ya sauka a kan takalmina.

Wani ya sauka a wuyana, ya gangara cikin riga.

"Zo ka riƙe ƙafar," in ji Kawu Bao. "Hannuna ba zai iya riƙo da lanƙwasa ba. Dubi rana."

Na duba. Ta rage kamar bakin faranti.

"In ta faɗi ba mu gama ba fa?"

"Ba aiki ya zo karɓa ba ke nan."

Na saki kyamara ta yi lilo a ƙirjina, na kama ƙafar.

Sanyi. Irin sanyin dutsen da ke ƙarƙashin ruwa. Fatar na zamewa a kan ƙashi kamar jiƙaƙƙen tsumma. Bakin ƙusoshi shida sun fito cirko-cirko a gefen kofato, dab da yatsuna.

Kawu Bao ya datse ta farko, ya lanƙwasa, ya danne.

"Ɗaya."

Da na sunkuya, gilashin kyamara ya zo daidai fuskata. Ban so in duba ba. Idona ne ya ƙi jin magana.

Babu rumfa a ciki. Babu maƙeri. Fuska ce ta cika gilashin.

"Biyu."

Bakin ya buɗe. Yashi ya zubo.

"Uku."

Goɗiyar ta fara sako mini nauyinta. Bayana ya yi ƙara.

"Yaya," na ce. "Yaya Ersa, ni ne. Ban sani ba."

Numfashi ya taɓa kunnena. Babu ɗumi a cikinsa.

"Ɗago fuskar," aka ce, a hankali. "A san ka."

Maganata ce. Da muryarsa.

"Huɗu. Riƙe da kyau, ɗan nan, riƙe!"

Igiyar kyamara ta fara matse mini wuya.

"Biyar."

Guduma ta suɓuce. Ta faɗi cikin toka. Tsohon ya durƙusa yana lalube.

Hasken da ke kan dutse ya ɗauke.

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin kasuwa.

Goɗiyar ta fizge ƙafa.

Ƙusa ta shida ta shiga tafin hannuna na dama, ta keta, ta fita da yatsana ɗaya, ɗan ali. Ban ji zafi ba a lokacin. Ƙarar da na ji ita ce ta kofato a ƙirjin Kawu Bao, kamar an fasa tulu cikin bargo.

Sai aka ja ni.

Ta igiyar kyamara aka ja ni, da baya, a ƙasa. Ƙararrawa na gaba, ni ina biye. Duwatsun titi na yagar bayana. Ga mutane can suna alwala a bakin rijiya, na buɗe baki, babu iska balle ihu.

Na ji ƙarar kogi.

Na ji katakon gada a ƙarƙashin kafaɗuna.

Hannuna na hagu ya faɗa aljihu. Wuƙar nan da nake kwance kyamara da ita.

Na yanka. Na haɗa da fatar wuyana.

Igiyar ta tsinke.

Ina kwance a tsakiyar gada, ƙafata ɗaya na lilo a kan ruwa, na ji sawun na nisa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Huɗu cif, duka da ƙarfe.

Kawu Bao ya yi kwana uku. Ran na ukun ya aiko a kira ni. Na je da hannu naɗe a tsumma, na zauna a bakin gadonsa, karo na farko cikin shekara bakwai na yi masa sallama. Bai amsa ba, ban kuma ga laifinsa ba. Ya nuna akwatin kayan aikinsa da ido. Sannan ya ɗaga hannu, ya ware yatsu.

"Biyar," ya ce. "Biyar muka yi."

Da azahar aka yi masa sutura.

Liman ya ce matacce ba ya dawowa, aljanin kwazazzabo ne ya ari kamarsa. Na ce Liman, na yarda, ilimi naka ne. Amma ko wane ne, ya san hanyar rumfa, kuma ya iya ƙirga.

Hoton safiyar nan yana bangon ɗakina tun ranar da na wanke shi. Kullum nakan tsaya a gabansa in tsine wa fuskar maƙerin. Ban taɓa duban ƙasa ba. Da na dawo daga jana'iza na sauke shi, na sa gilashin ƙara girma. Ga ƙafar Gishiri, ga bakin ƙusoshi shida suna ƙyalli a rana. Ga hannun Kawu Bao, wayam. Ga inuwata ta miƙe daga gefen hoton, da guduma yashe a gindinta.

Ofishin al'adu sun aiko neman hoton maƙeri. Na ce su zo su ɗauka da kansu, yanzu ni ne maƙerin.

Babu wanda ya koya mini wannan ma. Da yatsu huɗu da rabin tafi na koya, a kan kofaton matattun alfadarai, har na iya datse ƙusa in lanƙwasa ta kafin mutum ya gama atishawa. Dawakin da ake kawowa ba su da yawa. Mai kawowa kuma ya san dokata: ko gobara ake yi, ba a sauke ƙafa a rumfata sai na shafa kowace ƙusa da babban yatsa na ƙirga da ƙarfi. Wani ɗan birni ya taɓa ce mini in ɗago kai ya ɗauke ni ina aiki. Har gada na raka shi da awartaki.

Ba na rufe rumfa sai an kira magariba. Gudumar kuma ɗaure take a wuyan hannuna da igiya, ba za ta sake faɗawa toka ba.

Shekara huɗu ban ji komai ba.

Ran Larabar da ta wuce, ina kashe wuta, karnuka suka yi tsit. Can hayin gada, ƙasa-ƙasa, na ji ta.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Kacau.

Takalmin ya fara kwancewa.